Layi na Tara

A takardar shiga sun rubuta: Dalili.
Sun bar mini fili bai kai ɗan yatsa ba.

Ina zaune a rumfar Ɗanjimo mai hoto,
bayan kasuwar Dole,
biro a baki, tawada ta ɓata mini leɓe.
Ya ce, rubuta kishin ƙasa, Barira, kowa shi yake sawa.
Na ce to. Ban rubuta ba.

Ina zan sa babana a nan?
Shekara ashirin da uku yana tuƙa manya a bariki,
ya san ramukan hanyar Tanut kamar haƙoransa,
igiya biyu ya kawo gida, da ciwon baya.
Ni nake goge masa kaki da dutsen gawayi
tun ina tsayawa bisa turmi.
Ran da na sara masa da wasa
bai yi dariya ba.
Gwiwar hannuna ya gyara.

Ina zan sa Garin Malam a watan da famfo ya mutu?
Jarka shida a kura,
hawan dutse, asuba ba ta gama fari ba.
Wai can ana gudu da kaya a baya.
Wai.

Ga yayana Sanusi da digirinsa cikin leda,
yana jera kwalaben mai a bakin titi.
Can ba a biyan kuɗin karatu,
ana ba ka takalmi daidai ƙafarka.
Wannan ma dalili ne, ba na jin kunyarsa.

Gwaggo Falmata ta ce, wurin maza ne.
Na ce, wa ya ce?
Ta ce, haka aka tarar.
Ta yi shiru tana tsince shinkafa,
can ta ce, in za su aske ki
ki kawo mini gashin.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba:
ina son taswira.
Ina son in tsaya gaban mutum talatin
in ce ta nan za mu bi,
kuma ya zamana na yi lissafi daidai,
kowa ya koma wa uwarsa.

Ɗanjimo yana son rufe shago, an kira la'asar.
Tsoro? Akwai shi, yana nan ƙarƙashin haƙarƙari
kamar tsakuwa a tuwo.

Na danna takardar bisa cinya,
a filin nan ɗan mitsitsi
na rubuta: Zan iya.
Sauran wurin na bar musu.