Baƙin Mai Ba Ya Ƙarya

Injin niƙan da Baba ya bar mini a Tudun Wada
ya girme ni da damina huɗu.
Tun ina goye nake jin tarinsa na asuba,
har na san gaisuwarsa, na san ƙorafinsa.
Ko dai haka na ɗauka.

Wata Talata Dayyabu makanike ya biyo.
Ba kiransa na yi ba, canjin ɗari biyar ya zo nema.
Ya zaro sandar awo kamar mai zare ƙaya,
ya murza baƙin mai tsakanin yatsa da yatsa,
ya kai hanci, ya ɗaga wa haske.
Ya ce, "Lawandi, zo ka ga taurari da rana tsaka."
Na duba. 'Yan ƙyalƙyali ne, kamar kwalli ya zube.
Ya ce, "Naman jikinsa yake ci."

Na ce ai muryarsa lau take.
Ya ce, "Gara ma ba ta shela in ta shiga azara."

Muka wanke kwalbar maganin tari, muka shanya,
muka ɗura kaɗan, aka kai Samaru
wurin Hindatu 'yar yayarsa,
mai na'urar da ke yi wa mai tambayoyi
yadda alƙali ke tsare shaida.
Kwana shida takarda ta dawo:
tagulla ta yi yawa, dalma ta haura,
yashi ya shigo ta matatar iska da ta yage,
ga ruwa a inda ruwa ba shi da gado.
Can ƙasa ta ƙara da hannunta:
A tsayar da shi. A buɗe.

A tsayar? Sallah saura kwana tara,
kwanukan masara sun yi layi har bakin kwata.
Na ninke takardar gida huɗu
na tokare ƙafar benci da ita.
Na zuba sabon mai a kan tsoho,
turare a kan miki.

Ranar jajibere bayan la'asar,
ana tsakar geron Inna Kande,
ya yi wata ƙara da ban taɓa ji ba,
sau ɗaya tak, kamar taɓarya ta faɗa kan dutse.
Sai shiru.
A shirun nan na fara sanin
ashe maƙwabcina yana kiwon tantabaru.

Dayyabu ya baje shi a kan buhu.
Metal ya narke ya manne,
karanshaf kamar wanzami ya yi masa tsaga,
fistin ya leƙo ta inda babu ƙofa.
Bai ce "na faɗa maka" ba.
Goro ya ɓare, ya miƙo mini rabi.
Ramin da dubu ashirin za ta cike
sai da ya haɗiye babur ɗina.

Jiya na ɗaga benci na zaro takardar.
Ta yi baƙi, amma rubutun Hindatu yana nan.
Da zan sa ta aljihu sai na taɓo wata,
ta asibitin Shika,
wata uku ke nan da suka ɗebi jinina,
suka ja layi ja a ƙarƙashin wasu lambobi.

Ni ma muryata lau take.
Ina ɗaga buhu, ina cin tuwona.

Na ce wa yaron shago ya riƙe makulli.
Gobe in Allah ya kai mu, kafin niƙan farko,
ina Kwangila ina jiran mota.