Muryar da Na Tura

Minti ɗaya ce da 'yan daƙiƙu.
Bayan la'asar ta faɗo cikin wayata,
ina tsaka da dama kunun gyaɗa na sayarwa
a ƙofar gidanmu, nan Shara Mansur.
Muryar namiji ce, yana haki kamar wanda aka koro:
"Jama'a, don girman Allah kowa ya ɓuya.
Daren yau askar za su zagaye unguwa.
Mota arba'in, ni na ƙirga da idona.
Wanda ya ji bai tura ba, alhaki a wuyansa."

Alhaki a wuyansa.
Kalmar nan ce ta kama min ɗan yatsa.
Ban tambayi wane ne ba, ban tambayi yaushe ba.
Zauren matan unguwa, na tura.
Zauren adashi, na tura.
Har ƙanwata da ke Jidda, wadda babu ruwanta,
na tura mata, na ƙara da "wallahi gaskiya ne",
kamar mai ƙara gishiri a miyar da ba ta ɗanɗana ba.

Kafin magariba muryar ta dawo min sau bakwai.
Motoci sun zama ɗari.
An haɗo da hoton wani titi cikin dare,
fitilu ja da shuɗi suna lasar bango.
Da ta zo daga hannun Hajiya Yalwa
sai na ƙara gaskatawa,
na manta ni na ba wadda ta ba ta.
Ruwan da na zuba a rijiya na ɗebo,
ina murna na sami idon ruwa.

Daren nan mai tsire bai hura wuta ba.
Liman ya ja isha da sahu ɗaya da rabi.
Yara suka kwana da takalma a ƙafa.
Sallau tela, wanda igamarsa ta mutu tun bara,
ya sayar da keken ɗinkinsa riyal ɗari biyu
ga wanda ya fara ƙwanƙwasa masa ƙofa,
don kada ya hau jirgi hannu rabbana.
Shekara goma sha huɗu yana taka keken nan.

Gari ya waye a Makka.
Ba mota, ba askar,
sai kuliyoyi na rabon ƙashi a bakin bola.
Jikan Yalwa, ɗan makaranta, ya buɗa hoton da yatsu biyu:
"Kaka, dubi lambar motar, ba ta ƙasar nan ba ce."
Muka yi dariyar wanda ya faɗi a tsakar kasuwa.
Na rubuta, "Ku yafe ni, ba gaskiya ba ne."
Mutum uku suka buɗe.
Ɗaya ta manna min fuska mai dariya.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Mai wannan magana bai taɓa riƙe waya ba.

Juma'a biyu bayan nan na ga keken
a shagon Ɗan'azumi, an goge shi da mai,
har da tsumman ja da Sallau ke ɗaure wa hannunsa.
"Sannu da rana, mai kunu," in ji shi,
sai wani abu a muryar ya tsaya min a ƙirji.
Ban ce shi ne ba.
Na daina rantsuwa a kan abin da kunne kaɗai ya gani.

Yanzu Sallau da allurar hannu yake faci
a inuwar masallaci, zare a baki.
Kullum safe nakan miƙa masa kofin kunu,
in ya laluba aljihu in ce ya bari.
Jiya ya karɓa da hannu biyu, ya ce,
"Allah ya saka miki, Tasalla.
Daren nan ke kika fara tunawa da ni."

Ban amsa ba.
Wayar ta yi ƙugi a kan murfin tukunya.
Na kife ta,
na ci gaba da dama kununa.