Yatsun Inna Tabawa

A ofishin katin ɗan ƙasa na Garwa
muka ci rabin yini a layi, ni da Inna.
Da aka zo kanmu, ma'aikaci ya ce ta ɗora babban yatsa.
Ta ɗora, fitila ta yi ja.
Ta goge a zane, ta hura masa iska, ta sake.
Ja.
Yatsu goma, babu wanda na'urar ta shaida.
Ya ce cikin raha, "Dada, ina kika kai zanen hannunki?"
Inna ta yi dariya.
Ni ban yi ba, don na san inda ta kai shi.

Shekara goma sha tara
tana durƙuson wankin bayan gida
a masaukin direbobi da ke Yelwa,
ɗaki ashirin da biyu, kullum kafin hantsi.
Ruwan jabel a tsohuwar gorar ruwan sha,
Bappa Hamajoda ke ɗura shi a bakin kasuwa,
dala ashirin, ba takarda, ba suna,
murfin ma na wata gora ne.
Shi ya lashe zanen, kaɗan-kaɗan,
yadda akuya ke lasar gishiri.

Wata Talata mai masauki ya ce tabon bai fita ba.
Inna ba ta son a faɗa mata magana sau biyu.
Ta tuttula jabel, ta bi shi da ruwan asid,
ta ja ƙofa don kada baƙi su ga aiki.
Abin da ya tashi bai yi kama da hayaƙi ba,
sai dai ya shaƙe ta kamar mai bin ta bashi.
Wani direban Kusuri ne ya ji tarin,
ya fito da ita, idanu kamar gauta.

Malamin asibiti ya ce, waɗannan biyun ba a gama su,
ko sau ɗaya, ko da wasa.
A buɗe taga. A sa safar hannu.
Inna ta tambayi kuɗin safar.
Da ya faɗa, ta lissafa shi da kwanon gero,
ta yi shiru.
Tun ranar, in ta hau tudun gada
ƙirjinta na kuka kamar tsohuwar zugazugi.

An ce tsafta cikon addini ce.
Ban musa ba.
Amma wa ya ce ƙamshin da ke sa hawaye shi ne tsafta?

Kada in yi ta nuna Bappa da yatsa.
Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.
A kan tagata akwai kwalbar mai,
hoton wata farar mace a jiki,
rubutun da ko ɗan makaranta bai iya karantawa ba.
Wata bakwai ina shafawa.
Na yi haske, gaskiya, har an tanka.
Sannan kumatuna suka ƙone kamar ƙasan tukunya,
jijiyoyi kore suka fito a cinya,
ƙaramin ƙurji sai ya yi wata bai rufe ba.
Inna ta dube ni wani dare a hasken fitila, ta ce,
"Uwani, ni yunwa ce ta tsoma hannuna.
Ke mece ce ta tsoma fuskarki?"
Har yau ina neman amsa.

Ma'aikacin ya rubuta wani abu da Faransanci,
ya ce mu dawo bayan wata biyu,
ta huta da wanki, ko zanen zai tsiro.
Ta huta!
Sai ka ce hutu a kasuwa ake auno shi.

A hanyar gida na saya mata safar roba, ruwan ɗorawa.
Ta juya su, ta shinshina, ta sa mini albarka.
Da safe na ga ta fita hannu tsirara.
Safar na cikin akwati, ƙarƙashin zanen Salla,
wai kada jabel ya ɓata su.

Kwalbata kuma tana hannuna.
Na je bakin Binuwai zan jefa,
sai na tuna kifin da za mu ci gobe.