Layi na Ɗari Biyu da Sha Ɗaya

Ƙarfe huɗu na yamma a Tartu, duhu ya riga ya shigo gari.
Na ture kofin gahawa gefe,
na buɗe fayil ɗin da ake gina babbar manhaja da shi.
Layi ɗari huɗu da 'yan kai,
kowanne tambaya ce a tsaye:
a sa, ko a bari?

Na'urar da zan ɗora wa ba ta cika tafin hannuna ba.
A kan tafkin Peipsi za ta yi ta kwana,
tana auna kaurin ƙanƙara
don masunta su san inda ƙafa za ta taka.
Cikinta megabait goma sha shida, batirinta ɗaya.
Daidai ruwa, daidai tsaki.

Sai na shiga rage mata kaya.
Abin buga takarda, a'a; wa zai buga takarda a tsakiyar tafki?
Sauti, a'a. Allo, a'a.
Harsuna tamanin na sallama da yatsa ɗaya,
har da nawa,
na ɗan ji kunya, na wuce.
Ba gogewa nake yi ba:
'yar alama mai kamar shinge nake kafawa a bakin layi,
layin ya zauna a bayanta shiru,
yana nan, amma ba a kirga shi.

Na ba da umarnin gini.
Rubutu ya dinga zuba a allo kamar ana sheƙe hatsi,
fankar kwamfuta tana nishi.
Awa uku. Na wanke kwanoni, na ba kyanwa abinci,
babana Valdur ya kira daga Kallaste:
"Leelo, har yanzu kina koya wa akwati sanyi?
Ni da dunduniya nake aunawa, da kunne.
Ƙanƙara mai lafiya muryarta daban."
Ban tuna masa da motarsa ba,
wadda ke ƙasan tafkin shekara goma sha tara,
kifaye na haya a cikinta.

Gini ya kammala. Sha biyar da ɗigo takwas. Ya shiga!
Na zuba a kati, na cusa, na kunna.
Ta farka, ta yi aiki, ta turo saƙon farko,
sai dai kwanan watan:
ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da saba'in.

Garin gyaran gira na tsone ido.
Cikin abin da na kira tarkace
akwai wanda ke riƙe mata agogo.
Ga ta nan, jaririya mai tsohuwar kalanda,
tana ba ni labarin sanyin shekarar
da babana bai ko fara aske gemu ba.
Wane masunci zai dogara da awon da bai san ranarsa ba?

Na koma ina bin sawuna, layi bayan layi,
kamar mai neman allura a tabarma.
Na ɗari biyu da sha ɗaya.
Na cire masa shingen, na ce yi haƙuri.
Don ya samu wuri, sai da na kori wani.
Wata awa ukun.

Ranar Asabar muka ja ta a kan sulu zuwa tafki,
iska na yankan kunne.
Na kafa ta, na jira. Wayata ta yi ƙara:
santimita talatin da ɗaya, ga kwanan wata na yau.

Baba ya doka dunduniya sau biyu, ya karkata kai yana sauraro.
"Talatin da biyu," in ji shi.
Amma na lura, da za mu koma,
ta gefen da na'urar ta nuna ya bi.