Baƙin Tabalak

Jirginsu ya sauka bakin tafkin Tabalak
kamar ƙwaryar da aka kife,
ba ƙugi, ba hayaƙi.
Su tara suka fito,
ragowar al'ummar da ta fi tururuwa yawa.

Ba da baki suke magana ba,
fatarsu ke ƙyalli:
shuɗi gaisuwa, ja ƙishirwa,
rawaya sunan uwa.

Annobar haske take ci.
Daga yatsu take farawa, ta hau,
har mai rai ya bebance cikin duhun jikinsa.

Ni Sahura, mai allura a likitar Tawa,
na lalubi jijiya a hannun autarsu, ban samu ba.
Lokotoro Mantau ya juya takarda, ya ajiye alƙalami.
Masunta sun kawo tarwaɗa, ba a taɓa ba.
Ruwan randa dai sun sha.

Daren Laraba saura ita kaɗai.
Ta riƙe tsintsiyar hannuna,
ta yi wani launi da ban taɓa gani ba,
sau uku,
ta dushe.

Har yau ina bin rumfunan masu atamfa
ina cigiyarsa,
in san ko godiya ta yi
ko sunan garinsu ta bar mini amana.