Yatsa Ba Tawada

Shekara ashirin da uku ke nan
ina buɗe cikin agogo a bakin kasuwar Wunti,
gilashi a ido ɗaya, ɗayan yana gadin titi.
Sunana Isuhu. A nan aka mai da ni Yusufa.
Ban ja ba.
Wanda ya sauka tasha da jaka ɗaya
ba ya rigima a kan harafi.

Daga Tasawa na zo, ta Nijar.
Bakinmu ɗaya da mutanen nan,
sai dai in na ce hwari, yara su tuntsire,
in na manta na ce lakwal
sai a tuna mini daga inda na fito.

Ran da rediyo ya ce an rufe iyaka
ina riƙe da ƙusa wadda ba ta kai ƙwayar gero ba.
Ta kuɓuce. Har la'asar ina laluben ƙasa.
Manya sun yi fushi a kan kujeru,
mu aka aiko wa da lissafi:
direban da ke kai wa tsohuwa kuɗin magani
ya kwana arba'in bai tada mota ba,
nairar da na ƙulle a leda
kafin ta zama sefa ta rame kamar akuyar bazara.

A teburin mai shayi kowa gwamna ne.
Can sai wani ya juyo:
"Kai Yusufa, me sojojin naku suke nufi?"
Naku.
Na hura shayin da ya riga ya huce,
na ce Allah ya kyauta,
amsar da ba ta da ƙasa.

Kwaku, tsohon da ke ɗinkin takalmi a gefena,
ya ga korar da aka yi wa nasu tun ina yaro.
Har yau akwai jaka ɗaure a ƙarƙashin gadonsa,
asu ya cinye rigunan ciki,
ya ce bar ta, ita ke sa shi barci.

Lokacin zaɓe ana rabon taliya da turmin atamfa,
a ƙirga ƙofofi, a tsallake tawa.
Ni kuwa nakan sayi gawayin kwana uku,
in ja ƙyauren shago tun jajibere.
Da yamma maƙwabta su ɗaga yatsu masu tawada.
Nawa baƙin man agogo ne kawai,
amma farashin da suka zaɓo
tare muke biyansa a wurin mai awo.

Hamsatu a Jahun aka binne cibiyarta.
Tasawa sau ɗaya ta gani, tana goye.
Ta ci jarrabawa, ta je neman takardar asali,
mai biro ya ce, "Ina garin kakanki?"
Ta dawo ta zauna a kan turmi
ba ta cire takalmi ba har magariba.

Ba zan ci amanar gari ba.
Da masu kaki suka zo duba takardu
Malam Barau ya fito da buta a hannu,
alwala rabi, ruwa na ɗiga daga gemu,
ya ce, "Wannan? Shi ya riƙe mini ƙafar ubana
ran da muka sa shi a kabari."
Suka duba katina duk da haka,
amma da hannu biyu suka miƙo.

Jiya wani ya kawo agogon da ya tsaya tun azumi.
Yana jira, ya ce, "Wai yaushe za ka koma gida?"
Na kara agogon a kunne, na girgiza shi.
Ƙarfe huɗu a nan, ƙarfe huɗu ne a Tasawa,
ko minti ɗaya iyakar ba ta ci ba.
Na ce masa ya dawo ran Alhamis.