Ƙirgar Auduga

Kafin ladanin Yelwa ya sauke murya
na riga na ɗora tukunyar dafa almakashi.
Shekara goma sha tara ke nan
tafin hannuna na rigan idona sanin zafinta.

Dakta Sahabi ya rubuta shida a allo:
ƙaba uku, gwaiwa ɗaya,
ƙugiyar da ta kwana biyu a yatsan yaro,
sai ƙullutu a kafaɗar wata mai tuyar ƙosai.

Mu a nan ba mu da dare.
Masu kwana suna can bayan dogonyaro.
Namu da hantsi yake zuwa da ƙafarsa,
da la'asar mu mayar wa danginsa shi,
da ƙulli na magani da faɗa a kunne.

Na uku a layi Baba Magaji ne,
ya tsallako Kwara a kwalekwalen ƙanensa.
Na ce, Baba, ka ci wani abu tun jiya?
Ya rantse bai ci ba.
Na dubi haƙoransa, ja wur.
Ya ce, 'yata, yaushe goro ya zama abinci?
Muka mai da shi na ƙarshe,
ya zauna a benci yana hararata har azahar.

Da allura ta kama, daga ƙugu zuwa ƙasa
ya zama baƙo a jikinsa.
Bakin kuwa bai mutu ba:
ta bayan ƙyallen da muka tare masa ido
yake ba mu labarin giwan ruwa
da ta ja shi har gaɓar Ngaski,
kowane ɗinki kifin na ƙara tsawo.

Wuta ta ɗauke.
Rifkatu ta ɗaga fitila da hannu biyu
har janareta ya gama tarinsa ya tashi.

Dakta ya ce, Luba, in rufe?
Na ce, dakata.
Goma na ba ka, tara nake gani.

Ba wanda ya ƙara magana, har Baba.
Na sake ƙirgawa a faranti, tara.
Na zazzage bokiti, na ɗaga ƙyalle,
gumi na bin bayana kamar tururuwa.
Ashe tana ƙarƙashin takalmin Dakta,
a take, ta yi laƙwas, ba ruwanta.
Goma.
Ya ce, to, ya miƙa hannu, na sa masa zare.

Muna wanke hannu Rifkatu ta nuna mini takarda:
wani asibiti a ƙasar Larabawa,
albashin wata ɗaya ya fi na shekarata.
Ta ce, Anti, ke me ya riƙe ki?
Na buɗe baki, sai famfo kawai ke zuba.
Na ce mata, ki je, amma ki riƙa ƙirga,
ko likita ya ɗaure fuska, ki ƙirga.

Ban gaya mata ba
cewa ban cika ganin ƙarshen labari ba.
Zare wani ke cirewa a asibitin ƙauyensu,
warkewa a gida take faruwa, ba na nan.

La'asar sakaliya Baba ya miƙe, dafe da ƙanensa.
Na ce, mako shida, ba jan taru, ba tuƙi.
Ya ce ya ji.
Yadda ya ce ya ji, na san bai ji ba.

Na goge allo, na rataye rigar.
A hanyar gida, bakin kasuwa,
wani mai kifi ya ƙara mini tarwaɗa biyu,
ya ƙi karɓar kuɗinsu, yana ta kiran sunana.
Na yi ta duban fuskarsa, ban gane shi ba.
Da zai ɗaga riga in ga tabon,
wataƙila in faɗa masa har ranar.